Biɗa: Abin da Matashin Gouna Ke Koyowa a Ƙasar Waje

Biɗa ita ce tafiyar da saurayi ke yi bayan kaka, ya bar garinsu ya tafi neman kuɗi a wata ƙasa. A Najeriya an fi kiranta cin rani. A ƙauyukan Gouna, ƙaramar hukumar da ke gundumar Mirya a jahar Damagaram ta Nijar, damina ba ta wuce wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba. Da an girbe gero an zuba dammuna a rumbu, sai a shiga rani mai tsawo, wanda in ba mai garka ba, ba wanda ke da aikin gona a cikinsa. A wannan lokaci ne samari ke ɗaura guzuri, su nemi albarkar iyaye, su kama hanyar tasha.

Al'adar ta girmi motoci. A ƙarni na 19, musamman zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, ayarin fatake na ratsa Zinder, wato birnin Damagaram, tsakanin Kano da Gat da Tarabulus, kuma yaro kan fara ne da kula da dabbobin madugu kafin ya san ciniki. Almajirai ma sun daɗe suna tafiya gabas, wato Barno, neman Alƙur'ani. Saboda haka a ƙasar Damagaram fita waje tana cikin matakan zama magidanci.

Hanyoyin yau biyu ne. Ta kudu ita ce mai sauƙi: a bi ta Magarya ko ta Matamaye a shiga Najeriya, a sauka Kano, wasu su zarce Abuja ko Legas, wasu har Kwatano da Akara da Abijan. Ta arewa takan bi ta Tanut zuwa Agadas, daga nan ko dai Dirku zuwa Sabha a Libiya, ko Arlit da Asamaka zuwa Tamanrasat a Aljeriya. Arewa ta fi kuɗi, ta kuma fi haɗari nesa ba kusa ba.

Darasi na farko da baƙunci ke koyarwa shi ne lissafi. A gida, saurayi na cin tuwon gandu ne, bai san nawa aka auna ba. Ranar da ya sauka Kano kuwa, kokon safe da kuɗi, wanka da kuɗi, wurin shimfiɗa tabarma ma wani lokaci da kuɗi. Ɗan ga-ruwa da ke tura kura mai jarkoki tun asuba ya san ribar kowace jarka, ya san abin da zai ba mai kurar, da abin da zai ci, da abin da zai ɓoye. Mai shayi, da mai yankan farce, da ɗan dako, da mai gadi duk haka suke. Yaron da bai taɓa zama ajin lakwal ba sai ga shi yana juya naira zuwa sefa da ka, ba kuskure. Da yawa suna shiga adashi, kuma a nan ne suke gane cewa ranar zubi ba ta jiran uzurin kowa.

Na biyu shi ne amana, kuma shi ya fi shiga jiki. Baƙo ba ya sauka haka kawai. Yakan nemi ɗan garinsu da ya riga shi zuwa, wanda zai ba shi masauki, ya kai shi wurin mai aiki, ya ce: "Ƙanena ne, na tsaya masa." Wannan magana jari ce. In yaron ya ci amana, ba kansa kaɗai ya ɓata ba, ya rufe wa na bayansa ƙofa, kuma labarin zai riga shi isa gida. Haka nan in wani ya kwanta ciwo, ƴan ɗakin ne ke haɗa kuɗin magani. In ya rasu, su ke yi masa sutura su aika wa iyayensa. Saurayi ɗan shekara ashirin da ya taɓa ɗaukar irin wannan nauyi ba ya komawa yadda yake. Dattawa sukan ce ya yi hankali, kuma ba su faɗin haka da wasa.

Sai kuma harshe da sana'a. Na Legas kan dawo da Yarabanci da Turancin kasuwa, na Libiya da Larabci. Wasu sukan fara da leburanci su ƙare da iya gini, ko walda, ko gyaran babur da famfo. A can ne kuma mutum ke fara sanin darajar takardar shaidar ɗan ƙasa, ranar da aka tsayar da shi a shinge.

Duk da haka, biɗa tana cin mutane. A watan Oktoba na 2013, mutum 92 suka mutu da ƙishirwa a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance na wannan jaha. Yaƙin Libiya na 2011 ya koro dubban ƴan Nijar, da yawa hannu wofi. Har yanzu Aljeriya na kwaso baƙi tana zubarwa wajen Asamaka. Dokar hana safarar baƙi ta 2015 ta sa direbobi suka riƙa bin ɓoyayyun hanyoyin da ba rijiya, har aka soke ta a Nuwamba na 2023. Hanyar kudu ma akwai nata: rufe iyaka a 2019 da 2023, da faɗuwar naira, wadda kan narkar da gumin wata shida a teburin ɗan canji. Akwai kuma waɗanda aikin ƙarfi ya koya wa shan ƙwaya, da waɗanda kunyar dawowa ba komai ta riƙe shekaru, suka bar mata da ƴaƴa a hannun tsofaffi. Wannan ciwo ne da ya kamata iyaye su daina ƙara wa gishiri da gorin ɗan wane ya aiko.

Yawancin ƴan biɗa suna komowa gida gab da shuka. A fada, wurin shan shayi, ana kallon waya da sabon babur, amma waɗannan kan ƙare a kasuwa kafin wata kakar. Abin da ke daɗewa shi ne san noma da aka saya, da rijiyar garka da aka gina, da sana'ar da ta zauna a hannu. Wanda ya dawo da walda ko gini yana iya buɗe rumfa a Mirya ko Zinder, ya ɗauki yara biyu ko uku yana koya musu, kuma shi ne ɗan biɗar da ba lalle ne ya sake fita baɗi ba.