Yadda kwamfuta ke yanke hukunci kafin ta kai ƙarshen bincike

Duk wanda ya taɓa cirar kuɗi wurin mai POS a kasuwar Makarfi ko Ikara, ko aka tantance shi da na'urar BVAS a Hunkuyi, hedkwatar Kudan, a zaɓen 2023, ya ci karo da wani salon tunani da masu rubuta manhajar kwamfuta ke dogaro da shi.

Salon kuwa shi ne: da zarar amsa ta tabbata, sai a dakatar da bincike.

A harsunan kwamfuta irin su C da Java, ana haɗa sharuɗɗa ne da alamomi biyu: && mai nufin "da", sai || mai nufin "ko". Na'ura kan duba su daga hagu zuwa dama.

Alal misali, kafin a biya mai sayar da rake, wajibi ne lambar sirri ta yi daidai, kuma kuɗin asusun su isa. In lambar ba daidai ba ce, to babu buƙatar duba asusun.

Shi kuwa "ko", sharaɗi ɗaya ya wadatar. Ana tantance mai zaɓe da zanen yatsa ko da fuska. In yatsa ya yi, an gama.

Akan jingina wannan dabara ga John McCarthy, Ba'amurken da ya ƙirƙiro harshen Lisp a 1958.

Amfaninta ya wuce rage ɓata lokaci. Ana sa tambayar "akwai asusun?" a gaban "nawa ne a ciki?", domin in aka juya su, manhajar na iya tsayawa cik wajen leƙa asusun da babu shi.

Haka ma umarnin return yake: yana rufe sashen aiki nan take, ya mayar da amsa ga wanda ya nema. Duk layin da ke ƙasansa ba za a bi ta kansa ba.

Sai dai fita da wuri na da haɗari. A watan Fabrairun 2014, kamfanin Apple ya gyara wani kuskure a wayoyin iPhone, inda maimaita layi guda ya sa manhaja ta tsallake tantance sa hannun shafin intanet, amma ta mayar da amsar cewa komai lafiya. Hakan ya buɗe ƙofar satar bayanan jama'a.

Don haka ɗaliban kwamfuta na yankin, a Jami'ar Ahmadu Bello ko Kwalejin Nuhu Bamalli da ke Zariya, na da tambaya biyu a kan kowace manhaja: wane sharaɗi ne ke gaba, kuma wane bincike aka bari ba a yi ba?