Gano Tsagar Gajiya a Haɗin Zare da Roba

Manufar wannan 'yar maƙala ita ce bayyana yadda ake gano tsagar da gajiya kan haifar a jikin kayan da aka ƙera da haɗin zare da roba. Shi wannan haɗi ya yi kama da ƙasar gini da aka kwaɓa da ciyawa: ana jera zaren gilashi ko na kabon falle-falle, sa'an nan a ɗaure su da danƙon roba. Saboda ƙarfinsa da rashin nauyinsa, kimanin rabin nauyin jirgin saman Boeing 787 da irinsa aka yi.

Abin da ake nufi da gajiya shi ne raunin da kan kama abu idan aka yi ta ɗora masa nauyi ana saukewa. A ƙarfe, tsaga guda ce kan faro, galibi daga waje, ta riƙa tsawo har a gan ta. A wannan haɗi kuwa, danƙon ne kan fara tsattsagewa, fallayen su rabu da juna, zaren ya tsinke daga baya, alhali waje na nan sumul. Don haka inda ido ya gaza, sai a koma ga sauti.

Hanya mafi sauƙi ita ce ƙwanƙwasawa da kwabo ko 'yar guduma, kamar yadda mai sayen tukunya kan yi: wuri mai lafiya ya yi ƙara garau, mai rauni ya yi dushi-dushi. Ta biyu ita ce aika sautin da kunne ba ya ji cikin kayan. Idan ya ci karo da tsaga sai ya dawo da wuri, na'ura ta nuna zurfinta. Ta uku ita ce manna na'urorin sauraro, domin duk zaren da ya tsinke yakan yi 'yar ƙara.

Sai dai ji daban, aiki da abin da aka ji daban. Jirgin ƙarƙashin teku mai suna Titan, wanda aka yi gangar jikinsa da zaren kabon, yana da irin waɗannan na'urori, kuma sun naɗi wata babbar ƙara a 2022. Aka ci gaba da nutso da shi, har ruwa ya murƙushe shi a watan Yuni na 2023, mutum biyar suka halaka. Ashe na'ura gargaɗi kawai take yi; tsayar da aiki hukuncin mutum ne.