Tsatsa Ba Aibun Wuƙa Ba Ce

"Ba ta tsatsa, Alhaji, ko a ruwa ta kwana." Da wannan kalma mai tallan wuƙa ya fi cin kasuwa a ƙasar Katagum, tun daga Disina da Yana har cikin Azare, kuma ba ya faɗin ta sai ya juya ruwan wuƙar a rana yadda ƙyallinta zai kashe wa mai saye ido. Maganar ta shiga kunnen jama'a har ta zama kamar doka: wuƙar da ta yi tsatsa jabu ce, wadda ta tsaya fara fat kamar cokalin amarya ita ce 'yar asali. Shi ya sa za ka ga manomin rani ko makiyayi ya ture wuƙar baƙin ƙarfe da za ta yi shekaru a aljihunsa, ya ɗauki mai sheƙi da hoton damisa a ƙota, wadda kafin damina ta fita ta dakushe, ko gaɓarta ta saki tana kaɗawa kamar haƙorin tsoho. Mutumin da ke yanka igiya da bakin buhu da tiyon ban ruwa da rake kullum safiya, ƙyalli ba ya cikin abin da zai amfane shi, kuma ya kamata a daina ruɗin sa da shi.

Abin da ke sa ƙarfe ya riƙe kaifi wani sinadari ne da ake kira kabon, wato ainihin abin da gawayi ya ƙunsa. Ƙarfen wuƙa na kirki yana ɗauke da shi daga kusan rabin kashi ɗaya zuwa kashi 1 cikin 100. Abin da ke hana tsatsa kuwa wani sinadari ne daban, kuromiyam, kuma sai ya kai aƙalla kashi 10.5 cikin 100 kafin a kira ƙarfe marar tsatsa. Wani Bature mai suna Harry Brearley ne ya yi fice da gano wannan haɗi a garin Shefil na Ingila a shekarar 1913. Ayyuka biyu ne ke nan, masu yin su biyu. Ƙarfe na iya cika da kuromiyam ya kasance ba shi da kabon ɗin da zai tsayar masa da baki. Misali yana cikin kowane gida: ƙarfen cokula da kwanukan da mata ke kira silba, irin mai kashi 18 na kuromiyam da kashi 8 na nikel, da wuya ya yi tsatsa, amma ko an kwana ana gasa shi ana tsoma shi a ruwa ba zai taurara ba. To idan rashin tsatsa shi ne inganci, da mahauta sun koma fiɗa da bakin cokali.

Wurin da aka fi ruɗewa shi ne bambancin tauri da juriya, domin a bakin yawancin mutane duk "ƙarfi" ne. Tukunyar ƙasa tana da tauri, ba za ka iya lotsa ta da yatsa ba, amma ta faɗi sau ɗaya ta zama katanga. Gwangwanin madara ba ya fashewa ko mota ta taka shi, sai dai ya lanƙwashe ya zauna a lanƙwashe. Ƙuli-ƙuli ya karye, tuwo ya lotse. Abin da ake nema a wuƙa shi ne halin sandar makiyayi ta kirki, wadda ta bushe ta yi tauri amma in aka danna ta sai ta ɗan ba da kai ta dawo daidai. Ana samun wannan hali ne a wuta. Ana gasa ƙarfen har ya yi ja, wajen digiri 800 a ma'aunin salshiyos, a tsoma shi cikin mai ko ruwa farat ɗaya; a wannan lokaci ya zama tukunyar ƙasa, tauri kamar kwalba, karyewa ma kamar kwalba. Sai a sake ɗumama shi a hankali zuwa wajen digiri 200 da 'yan kai, har fuskarsa ta ɗauki launin busasshen kara, a rage masa taurin kaɗan don ya sami juriya. Wanda ya tsallake mataki na biyu, wuƙarsa ta ɓantare a kan ƙashi. Wanda ya yi wa na farko ha'inci, bakin wuƙarsa ya naɗe a kan igiya. Babu ɗaya daga cikin matakan nan da ido ke gani a farantin mai talla, kuma goge ƙarfe ya yi sheƙi ya fi gasa shi daidai araha nesa ba kusa ba.

Maƙeranmu sun san wannan tun kafin a kawo musu lissafin digiri. Ba banza ba suke neman tsohon sifirin na mota in za su ƙera wuƙar mahauci ko adda: ƙarfe ne da aka yi shi tun asali don ya ɗauki nauyi, ya lanƙwasa ya dawo. Yana tsatsa kuwa, in aka bar shi da jiƙa.

Wuƙaƙen aljihun da suka yi suna a hannun leburori da manoma a faɗin Afirka ma irin wannan ƙarfe ne. An fara ƙera Okapi a garin Solingen na Jamus a 1902 domin kasuwar Afirka, ruwanta baƙin ƙarfe ne mai kabon. Douk-Douk da kamfanin Cognet ya fito da ita a garin Thiers na Faransa a 1929, wadda ta bazu a Arewacin Afirka da ƙasashen da Faransa ta mallaka, gaba ɗayanta guntaye shida ne kacal, ƙotarta ma falle ɗaya na ƙarfe aka ninke. Opinel, da Joseph Opinel ya fara yi a 1890, ƙotar icce ce da ƙusa ɗaya, sai a 1955 aka ƙara mata zoben da ake murɗawa ya kulle ruwan. Abin da ya haɗa su shi ne ƙarancin sassa, kuma a nan darasi na biyu yake: wuƙa mai naɗewa daga gaɓarta take mutuwa, wato ƙusar da ruwan ke juyawa a kai da abin da ke riƙe shi a buɗe. Kowane maɓalli da kowane ƙaramin sifirin da aka ƙara mata, an ƙara wurin da yashin hunturu zai shiga ne, an ƙara abin da zai karye a inda babu mai gyara. Kaurin ruwa da nauyin ƙota ba sa ceton gaɓar da aka ɗaure da ƙusa mai laushi.

Wani zai ce, to masunci a fadamun kogin Jama'are fa, wanda hannunsa ba ya bushewa, ko mai yanka lemo da tumatir wuni guda? Maganarsa gaskiya ce. Akwai ƙarfe marar tsatsa da aka ba shi isasshen kabon aka gasa shi yadda ya kamata. Da irinsa kamfanin Victorinox na ƙasar Suwizalan ke ƙera wuƙaƙensa, Opinel ma tana da samfurinsa. Ga mai aikin ruwa wannan ya fi dacewa. Sai dai irin wannan ƙarfe da tsadarsa yake zuwa, kuma araha ba ta ado: wuƙar da ba ta tsatsa, ga sheƙi, ga maɓalli, sannan kuɗinta bai wuce na kwanon abinci ba, to an ci riba a wani wuri da ba ka gani. Wani kuma zai kawo tsoron cutar tetanus mai sarƙe haƙora. Tsatsa ba ta haifar da wannan cuta. Ƙwayarta a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zama, kuma farar wuƙar da ta faɗi a turke tana iya ɗauko ta kamar yadda baƙa za ta ɗauko. Maganinta rigakafi ne da wanke rauni da zuwa asibiti. Duhun da baƙin ƙarfe ke yi bayan ya sha aiki ma wani abu ne daban da jar tsatsa mai cin ƙarfe, har yana ɗan kare shi; ita kuwa jar, a goge wuƙa bayan aiki a shafa mata ɗigon man gyaɗa, shi ke nan an raba gari da ita.

Saura rubutun da ake bugawa a jikin ruwa. Tun 1938 dokar Jamus ta kare sunan Solingen, amma dokar Jamus ba ta zuwa cin kasuwa a Disina, kuma buga harafi a ƙarfe ba ya wuce daƙiƙa. Okapi ta mayar da ƙirarta Afirka ta Kudu tun 1988, saboda haka sabuwa fil da ke cewa daga Jamus ta fito ta cancanci a dube ta sau biyu. Muna da hukumar SON da aka kafa domin ingancin kaya, sai dai talakan kasuwar ƙauye bai cika jin ɗuriyarta ba, ga shi kuwa makullin wuƙa in ya saki a kan yatsu yake rufewa. Kafin a waiwayo shi, mai saye shi ne sufeton kansa. Ya buɗe wuƙar ya kama bayanta ya girgiza hagu da dama. In tana motsi tun tana sabuwa, gobe sai abin da ya ƙaru. Ya kawar da yatsunsa daga hanya ya danna bayan ruwan ya ga ko makullin zai riƙe. In mai kaya ya yarda, a ɗan goga magagari a gefen baki: ƙarfen da ya gasu zai sa magagarin ya zame, mai laushi kuwa zai ci shi kamar sabulu. Ruwan da maganaɗisu ya ƙi kamawa dangin cokali ne, a ajiye shi, ko da yake kamawar ita kaɗai ba shaidar inganci ba ce.

Wani laifin kuma namu ne. Da yawa daga wuƙaƙen da ake zagi a kan sun mutu, kashe su aka yi. An ɓamɓare murfin gwangwani da tsininsu, an kwance noti da su, ko an kai su wurin mai walda ya ɗora a injin gurza ƙarfe har bakin ya yi shuɗi. Wannan shuɗin alama ce cewa zafi ya warware aikin da wuta ta yi tun farko, kuma bakin ba zai sake riƙe kaifi ba sai an cinye wurin gaba ɗaya. Dutsen wasa wuƙa da ɗan ruwa sun ishe ta. Samari masu neman doguwa mai tsalle da maɓalli su ma su yi wa kansu faɗa, domin a jihar da ta sha fama da 'yan sara-suka irin wannan wuƙa ba ta yi kama da kayan aiki ba a idon jami'in tsaro, kuma a gona ma ba ta fi gajeriya amfani ba; ruwa mai tsawon santimita 8 zuwa 10 ya wadatar.

Aikin da ya kai ga sara, ko fasa ƙashi, ko tsaga icce, ya fi ƙarfin duk wata wuƙa mai naɗewa, ko daga ina ta fito. Mai irin wannan aiki ya tafi wurin maƙerin garinsu a ƙera masa wuƙa miƙaƙƙiya da sifirin, wadda ƙarfenta ya ratsa cikin ƙota, baduku ya ɗinka mata kube. Ta aljihu kuwa a bar ta ga igiya da buhu da rake, a zaɓi mai ƙarancin sassa da gaɓa tsayayya, kuma in mai talla ya ce ba ta tsatsa, a tambaye shi ko zai yarda a gwada ta da magagari.