Gyaran Jiragen Ruwan Yawon Shaƙatawa: Wa Ke Cin Moriya, Wa Ke Shan Wahala?

Manyan jiragen ruwan da ke ɗaukar masu yawon shaƙatawa a tekun Bahar Rum da yankin Karibiyan ba su san hutun ƙarshen mako ba. Jirgi kan sauke fasinjoji da safe, ya ɗebi waɗansu da rana, ya kama hanya kafin magariba, haka nan mako bayan mako har shekara ta kewayo. Ba a raba shi da fasinjoji sai ranar da za a fitar da shi daga ruwa domin a duba shi a yi masa gyara. Wannan taƙaitaccen lokaci, wanda galibi ba ya wuce mako biyu zuwa uku, yana da babban tasiri a kan irin daɗi ko wahalar da fasinja zai tarar. Abubuwan da suka auku a shekarun baya sun nuna cewa wahalar ta fi faɗa wa rukuni biyu, wato waɗanda suka shiga tafiyar ƙarshe kafin gyara, da waɗanda suka shiga ta farko bayansa.

Doka ce ta tilasta

Kamfani ba shi da zaɓi a kan batun fitar da jirgi daga ruwa. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta kare rayuka a teku, wadda aka fi sani da SOLAS, ita ce ta wajabta hakan. An fara tsara ta ne a 1914, bayan nutsewar jirgin Titanic a 1912, wadda kuma ake aiki da ita yanzu ta 1974 ce, a ƙarƙashin kulawar Hukumar Sufurin Ruwa ta Duniya, wato IMO, mai hedkwata a Landan.

Bisa ƙa'idojin hukumar, takardar shaidar lafiyar jirgin fasinja ta shekara ɗaya ce kawai, kuma dole a duba ƙasan jirgin kowace shekara. A cikin kowace shekara 5 wajibi ne a yi biyu daga cikin waɗannan dube-dube a busasshen wuri, kada kuma tazarar da ke tsakaninsu ta wuce wata 36. Jirgin da bai kai shekara 15 ba ana iya yi masa sassauci, a fitar da shi sau ɗaya a shekara 5, sauran lokutan masu nutso su duba shi yana cikin ruwa. Jami'an ƙungiyoyin tantance jiragen ruwa, irin su Lloyd's Register ta Ingila da Bureau Veritas ta Faransa, su ne ke wannan bincike. Jirgin da ya rasa takardunsu ya rasa inshora, ya kuma rasa izinin ɗaukar fasinja.

Wurin da ake aikin wani makeken rami ne na kankare a bakin teku, mai ƙofar ƙarfe. Akan cika shi da ruwa, a jawo jirgin ciki, a rufe ƙofar, sannan a zuƙe ruwan har jirgin ya zauna a kan tubalan da aka jera masa daidai da siffar ƙasansa. Akwai kuma irin wanda ke kan ruwa, wanda akan nutsar da shi jirgin ya shiga, sannan a taso da shi. Da zarar jirgi ya bushe sai a kankare gansakuka da ƙananan halittun ruwan da suka manne masa, a cire tsatsa, a yi sabon fenti, a duba farfeloli da injunan da ke juya su da dukan bututun da ke shan ruwan teku. Wannan kankara ba don ado ake yin ta ba, domin jirgin da ƙasansa ya yi datti yakan rage gudu, ya ƙara shan mai.

Lissafin kuɗi ke kawo gaggawa

Tushen matsalar fasinja yana cikin lissafin da kowane ɗan kasuwa ya sani, wato kadarar da ke ajiye ba ta kawo kuɗi, alhali kuwa tana ci. A ƙaddara jirgi yana ɗaukar mutum 5,000, kowannensu yana biyan dala 200 a rana. Kwana ɗaya ba fasinja hasarar dala miliyan 1 ke nan, ban da cinikin kantuna da wuraren cin abinci na cikin jirgin, ga kuma albashin ma'aikata da biyan bashin banki da ba su tsayawa.

Saboda haka kamfanoni kan tara ayyuka iri uku a cikin 'yan kwanakin nan. Na farko shi ne binciken da doka ta ce a yi. Na biyu shi ne sanya sababbin na'urori domin cika sababbin dokoki. Alal misali, daga 1 ga Janairun 2020 hukumar IMO ta rage yawan sinadarin farar wuta da aka yarda ya kasance a cikin man jirgi daga kashi 3.5 cikin ɗari zuwa kashi 0.5, abin da ya sa jirage da yawa suka sanya na'urorin tace hayaƙi. Na uku shi ne kwaskwarimar ɗakuna da wuraren shaƙatawa, domin tsohon jirgi ya iya gogayya da sababbi. A babban aiki akan zuba ma'aikatan 'yan kwangila sama da dubu, masu walda da kafintoci da masu aikin famfo da na lantarki, suna kwana a ɗakunan fasinjoji suna aiki dare da rana. Idan kwanakin sun gaza, to, aikin kan malalo ta gaba ko ta baya, ya shafi wanda ya biya kuɗi don ya huta.

Tafiyar ƙarshe kafin gyara

Misalin da ya fi yin suna a wannan ɓangare shi ne na jirgin Norwegian Sun. A watan Maris na 2018 ya tashi daga Miami zuwa Los Angeles ta mashigin Panama, tafiyar kimanin mako biyu, wadda bayanta zai shiga gyara a Victoria ta ƙasar Kanada. Kamfanin ya ɗauko ma'aikata a cikin jirgin domin su fara aiki tun ana tafiya. Fasinjoji sun koka da ƙarar injunan kankara, da ƙura, da warin sinadarai, da kuma rufe waɗansu sassan benayen da ake shan iska. Da farko kamfanin ya yi tayin ba su rangwamen kashi 25 cikin ɗari na kuɗin da suka biya, a kan tafiya ta gaba. Da hotunan suka bazu a kafofin watsa labarai sai ya ɗaga tayin zuwa kashi 100.

Ko da abin bai kai haka ba, jirgin da ke dab da shiga gyara yakan nuna gajiya. Kafet ɗin da ya tsufa da kujerar da ta yage akan bar su, tunda an san kwanansu ya kusa ƙarewa, kuma a kwanakin ƙarshe akan fara kwashe kaya daga waɗansu kantuna.

Tafiyar farko bayan gyara

A ɗaya ɓangaren, tarihin sana'ar bai manta da abin da ya sami Queen Elizabeth 2 na kamfanin Cunard ba. An kai shi ma'aikatar Blohm+Voss da ke Hamburg ta Jamus a ƙarshen 1994, aka kuma sayar da tikitin tafiyar Kirsimeti tun kafin a gama aikin. A watan Disamba jirgin ya tashi daga Southampton zuwa New York da ma'aikata suna ta aiki a cikinsa, bayan an bar ɗaruruwan fasinjoji a tasha domin ɗakunansu ba su kammala ba. Waɗanda suka samu shiga sun tarar da banɗakuna suna ambaliya, ga tarkacen aiki a hanyoyin wucewa. Da ya isa New York jami'an tsaron gaɓar tekun Amurka suka hana shi tashi sai da aka gyara abubuwan da suka saɓa wa dokar kariya daga gobara. Kamfanin ya biya diyyar miliyoyin fam, shugabansa kuma ya bar muƙaminsa a 1995. Hausawa na cewa sauri kan haifi nawa. Wannan jirgi ya daina yawo a 2008, an kuma buɗe shi a matsayin otal a Dubai a 2018.

Wani lokaci kuma tafiyar gaba ɗaya ake sokewa. Wuraren da za su iya ɗaukar jirgi mai tsawon mita 300 ko fiye kaɗan ne a duniya, kuma akan kama gurbi a cikinsu shekaru kafin lokaci, don haka tangarɗa a wuri ɗaya kan shafi jirage da dama. A ranar 1 ga Afrilun 2019 wani injin ɗaga kaya ya faɗo a kan Oasis of the Seas na kamfanin Royal Caribbean a ma'aikatar gyara da ke Freeport ta ƙasar Bahamas. Mutum 8 sun ji rauni, aka soke tafiye-tafiye 3, jirgin kuma ya ƙetare tekun Atlantika zuwa Cadiz ta ƙasar Sifen domin a ƙarasa gyaran. Haɗarin ya lalata babban wurin gyaran ma'aikatar, shi ya sa a watan Yulin shekarar, da Carnival Vista ya sami matsalar injin tuƙi, sai da aka ɗauko hayar wani ƙaton jirgin dakon kaya mai suna Boka Vanguard, ya nutsa ya goyo shi aka yi gyaran a kansa. Shi ma an soke masa tafiye-tafiye 3.

Moriyar da ke biyo baya

Duk da haka, fasinjojin da ke zuwa bayan ƙura ta lafa su ne ke cin moriyar aikin. A 2016 Cunard ya kashe kimanin fam miliyan 90 a kan Queen Mary 2 a cikin kwana 25 a Hamburg, inda aka sabunta ɗakuna, aka kuma ƙara 15 na masu tafiya su kaɗai. A ƙarshen 2019 Royal Caribbean ya kashe dala miliyan 165 a kan Oasis of the Seas a cikin kwana 63 a Cadiz. Akwai ma inda akan yanka jirgi gida biyu a cusa masa sabon sashe. An yi wa Enchantment of the Seas haka a Rotterdam a 2005, inda aka ƙara masa mita 22 da ɗakuna 151. Kamfanin MSC ma ya yi wa jiragensa 4 irin wannan aiki a Palermo ta Italiya tsakanin 2014 da 2015, kowanne ya sami ƙarin mita 24.

Sai dai wannan moriya ma tana da nata lissafin. Kamfanin da ya zuba kuɗi yana neman hanyar mayar da su, hanyar kuwa mafi sauƙi ita ce ƙara yawan ɗakuna da wuraren da ake biyan kuɗi dabam kafin a shiga. A 2013 aka kashe dala miliyan 155 a kan Carnival Destiny a Trieste, aka sake masa suna zuwa Carnival Sunshine, aka ƙara masa ɗakuna 182 ba tare da an ƙara tsawonsa ba. Ƙarin ɗakuna a jiki ɗaya yana nufin ƙarin mutane a wurin ninkaya da layin abinci. Tsohon abokin ciniki kan dawo ya tarar ɗakin karatu ko falon da ya saba zama kyauta ya koma gidan abinci na kuɗi, tikitin kuma ya ƙara tsada.

Haƙƙin fasinja

Idan an soke tafiya ɗungum, haƙƙin fasinja a fili yake. Ƙungiyar kamfanonin jiragen yawon shaƙatawa ta duniya, wato CLIA, ta amince a 2013 cewa za a mayar da dukan kuɗi idan an soke tafiya saboda lalacewar inji. Hukumar sufurin ruwa ta gwamnatin Amurka ta kafa ƙa'ida a 2022 cewa wanda zai shiga jirgi daga tashar Amurka yana da ikon karɓar kuɗinsa idan an soke tafiyar, ko an jinkirta ta da kwana 3 ko fiye ya kuma fasa. Dokar Tarayyar Turai ta 2015 kan tafiye-tafiyen da ake sayarwa a dunƙule ta ce a mayar da kuɗi cikin kwana 14, ta kuma ba da damar neman ragi idan abin da aka samu ya gaza abin da aka sayar.

Inda gizo ke saƙa shi ne idan jirgin ya tashi a kan lokaci amma da hayaniyar aiki da rufaffun wurare. Yarjejeniyar da ke tare da tikiti galibi takan ba kamfani ikon sauya hanya da rufe wani sashe, don haka a wurare da yawa diyyar takan dogara ne ga ganin damar kamfanin da kuma irin surutun da al'amarin ya jawo. Daɗin daɗawa, kuɗin jirgin sama da na biza da na otal da mutum ya biya da kansa ba lalle ba ne su dawo.

Wannan batu na ƙarshe ya fi shafar mai tasowa daga nesa, kamar ɗan kasuwar da zai tashi daga Legas ko Abuja ya je Barcelona ko Miami ya shiga jirgi, da kuma wakilan tafiye-tafiye da ke sayar masa da tikiti. Kamfanoni kan fitar da jadawalin tafiyarsu shekara ɗaya ko biyu kafin lokaci. Duk inda aka ga giɓin mako biyu ko fiye a jadawalin jirgi, musamman a kakar da ciniki ya ja baya, to, alama ce ta gyara. Tafiyar da ke dab da giɓin ta kowane gefe takan zo da sauƙin farashi, amma ita ce mai kasada. Wanda ya bar tafiya biyu ko uku suka wuce bayan gyara, ya sayi tikitin jirgin sama mai karɓar canjin rana, ya kuma yanki inshorar tafiya, shi ne zai tarar da sabon fenti ya bushe, ma'aikatan jirgin kuma sun saba da sabon tsarin.