Kwamfuta Biyu, Waya Ɗaya: Gano Abin da Ke Hana Musayar Fayil

MAI GABATARWA:

Kwamfuta biyu da ke gida ɗaya suna iya miƙa wa juna fayil ta waya guda, babu intanet, babu sayen data. Wannan hanya tana da amfani ga mai ɗaukar bidiyon biki a unguwar Mbamoi da ke cikin garin Yola, wanda yake son kwashe aikinsa daga laftof zuwa babbar kwamfutar da yake tacewa a kai. Tana da amfani ga ɗalibin Jami'ar Modibbo Adama da ya sauya kwamfuta, da mai shagon buga takardu a Jimeta. Ta fi kwasar fayil da filas, domin filas na yawo da cututtukan kwamfuta daga hannu zuwa hannu, kuma wanda aka tsara shi da tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabayit 4, alhali bidiyon biki ɗaya ya kan ninka haka.

Sai dai sau da yawa a kan jona wayar, a zuba ido, ɗaya kwamfutar ta ƙi bayyana. Galibi dalilin ba ya wuce wurare huɗu: ita kanta wayar, adireshin kwamfutocin, katangar tsaro, da izinin shiga. Kowane wuri yana da gwajinsa, kuma a jere ake bin su. Wanda ya tsallake waya ya tafi taɓa izini zai iya kwana yana gyaran abin da bai lalace ba.

(KIƊA)

Mataki na farko shi ne waya. Ana kiran wannan fasaha Ethernet, kuma Robert Metcalfe da abokan aikinsa ne suka ƙirƙiro ta a cibiyar bincike ta kamfanin Xerox a Amurka a 1973. Wayar da ake sayarwa yau, wato Cat5e ko Cat6, tana ɗauke da siraran wayoyi 8 a cikinta, an murɗe su bibbiyu. A kowane ƙarshe akwai kan roba mai haske da ake kira RJ45. Tsawonta bai kamata ya wuce mita 100 ba.

Idan aka ɗaga kan robar zuwa haske, haƙoran tagulla suna kallon mutum, za a ga launukan a jere. A tsarin da aka fi amfani da shi, mai suna T568B, daga hagu ana fara ganin fari mai ratsin lemo, sai ruwan lemo, sai fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ƙasa-ƙasa, sannan ƙasa-ƙasa. Idan jerin ya zama ɗaya a ɓangarorin biyu, wayar miƙaƙƙiya ce. Idan a ɗaya ɓangaren kore da ruwan lemo sun yi musayar wuri, gicciyayyiya ce. A da, kwamfuta biyu ba sa jin juna kai tsaye sai da gicciyayyiyar waya, domin bakin da ɗaya ke aikawa da shi dole ya faɗa wurin da ɗayar ke karɓa. Tun da aka fito da mashigar waya mai gudun gigabit a 1999, na'urori suka riƙa gane irin wayar da kansu suna daidaitawa. Saboda haka in dai ɗaya daga cikin kwamfutocin tana da irin wannan mashiga, kowace waya za ta yi. Tsofaffin kwamfutoci biyu ne kawai har yanzu ke buƙatar gicciyayyiya.

Gwajin wannan mataki a ido yake. A bakin mashigar yawancin kwamfutoci akwai ƙananan fitilu biyu. Ɗaya tana tsayawa a kunne idan wayar ta haɗu, ɗayar tana ƙyaftawa idan saƙo na wucewa. Idan babu wadda ta kama, matsalar tana nan kusa. Ƙurar hunturu ta kan toshe mashigar da aka daɗe ba a yi amfani da ita ba, sai a hure ta ko a share da busasshen buroshi. Ɗan harshen robar da ke riƙe kan wayar ya kan karye, wayar ta riƙa zamewa. Ɓera ya kan gaigayi wayar da aka bi da ita ta cikin silin, zafin ranar Maris da Afrilu a Yola kuma yana busar da robar wadda aka shimfiɗa a waje har ta tsattsage. Hanya mafi sauƙi ita ce a gwada wata wayar da aka tabbatar tana aiki. Siraran laftof na zamani da yawa ba su da mashigar, sai an sayi ƙaramar adafta da ake soka wa a USB. Wayar da ta ratsa tsakar gida daga wani sashe zuwa wani kuwa, a riƙa cire ta idan hadari ya taso, domin tsawa tana iya bi ta cikinta ta ƙona kwamfutocin biyu.

(KIƊA)

Mataki na biyu shi ne adireshi. Kowace kwamfuta tana buƙatar lamba ta kanta da ake kira adireshin IP. A gidan da ke da rauta ko MiFi, wannan na'urar ce ke raba lambobin. Idan waya ce kawai tsakanin kwamfuta biyu, babu mai rabawa. Windows ta kan jira na ɗan lokaci, sannan ta ba kanta lambar da ke farawa da 169.254. Idan dukansu biyu suka yi haka, za su iya jin juna. Rikici na tasowa idan ɗaya tana riƙe da tsohuwar lambar da aka taɓa sa mata a ofis ko a makaranta, ɗayar kuma ta ba kanta sabuwa.

Abin da ya fi tabbas shi ne a rubuta lambobin da hannu. A danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta ncpa.cpl, a buɗe bayanan Ethernet, a shiga sashen IPv4. Kwamfuta ta farko a ba ta 192.168.10.1, ta biyu a ba ta 192.168.10.2. A layi na biyu, dukansu a sa musu 255.255.255.0. Layi na uku, na mafita zuwa intanet, a bar shi babu komai. Kashi uku na farkon lambar dole su zo ɗaya, na ƙarshe dole ya bambanta. An zaɓi 10 a kashi na uku ne domin na'urorin MiFi da rauta sun fi amfani da 0 ko 1 ko 8 a wannan wuri, kuma idan lambobin waya suka yi karo da na Wi-Fi, kwamfuta ta kan tura saƙo ta hanyar da ba ita ba.

Gwajin wannan mataki umarni biyu ne. A sake danna Windows da R, a rubuta cmd, baƙin allo zai buɗe. Umarnin ipconfig yana nuna lambar da kwamfutar ke riƙe da ita. Umarnin ping, wanda Mike Muuss ya rubuta a 1983, kamar sallama ne a ƙofar gida: a rubuta ping, a bar fili, a rubuta lambar ɗaya kwamfutar. Windows za ta yi sallama sau huɗu. Idan layuka huɗu suka fito da amsa daga waccan lambar tare da lokacin da saƙon ya ɗauka, waya da adireshi sun yi daidai. Idan allon ya ce ba a iya kaiwa ga kwamfutar ba, galibi a koma kan waya ko lambobin. Idan ya ce lokaci ya ƙure babu amsa, galibi kwamfutar tana nan, katangarta ce ta hana ta amsawa.

(KIƊA)

Mataki na uku shi ne katangar tsaro. Windows ta raba hanyoyin sadarwa gida biyu: na gida, wanda take rubutawa Private, da na bainar jama'a, wanda take rubutawa Public. Hanyar da ba ta da rauta, Windows ba ta san ta ba, don haka ta kan jefa ta cikin na bainar jama'a, ta ɓoye kwamfutar, ta rufe musayar fayil. Nan ne mafi yawan masu gwadawa ke tsayawa, alhali wayarsu da lambobinsu lafiya lau.

Gyaran shi ne a shiga saitin musaya na Windows, a kunna abu biyu a kan dukan kwamfutocin: ganin juna a kan hanya, da musayar fayil da firinta. Dole a kunna su a ƙarƙashin rukunin da aka sa wayar a ciki. Idan Windows ta ba da damar mayar da hanyar ta zama ta gida, wannan ya fi. Idan kuma sai an kunna su a rukunin bainar jama'a, wajibi ne a kashe su da zarar an gama, domin laftof ɗin da aka bari a haka zai buɗe fayilolinsa a duk Wi-Fi na otal ko na makaranta da ya hau.

Manhajojin kashe cuta irin su Avast, Kaspersky da Norton su kan zo da tasu katangar, wadda ba ta bin saitin Windows. Don a gane ko katanga ce, a kashe Wi-Fi tukuna, a dakatar da katangar na ɗan lokaci, a sake ping. Idan amsa ta zo, an gano wurin. Sai a mayar da katangar, a buɗe wa musayar fayil ƙofa a cikinta. Barin ta a kashe ba gyara ba ne.

(KIƊA)

Mataki na huɗu shi ne izini. Da farko a duba sunayen kwamfutocin. Waɗanda mai gyara ɗaya ya ɗora wa Windows daga kwafi ɗaya su kan fito da suna iri ɗaya, sai a sauya wa ɗaya a sake kunna ta. Na biyu, kada a dogara da jerin kwamfutocin da ke fitowa a sashen Network, domin ya kan yi jinkiri ko ya ƙi nuna komai. A danna Windows da R, a rubuta karkatattun sanduna biyu masu jingina hagu, a bi su da lambar, wato \\192.168.10.2. Idan saƙon kuskure mai lamba 0x80070035 ya fito, ma'anarsa ba a sami hanya ba, kuma a koma mataki na uku.

Idan akwatin neman suna da kalmar sirri ya fito, na kwamfutar da ke riƙe da foldar ake nufi, ba na wadda ake zaune a gabanta ba. Lambar PIN da ake buɗe allo da ita ba ta aiki a nan. Asusun da ba shi da kalmar sirri kuma, Windows ba ta yarda a shige shi ta waya. Mafita mai tsabta ita ce a buɗe wani ƙaramin asusu a kan waccan kwamfutar, a ba shi kalmar sirri mai ƙarfi, a keɓe shi don wannan aiki. Idan an taɓa rubuta kalmar da ba daidai ba kuma kwamfuta ta adana ta, sai a goge ta a Credential Manager.

Ita ma foldar makulli biyu gare ta. Idan aka buɗe bayananta za a ga shafin Sharing da shafin Security. Na farko yana faɗin wanda zai iya zuwa ta waya, na biyu yana faɗin abin da zai iya yi da fayilolin. Wanda ya fi tsanani a cikinsu shi ke aiki. Shi ya sa mutum zai ga folda amma ta ƙi buɗuwa, ko ta buɗu amma ta ƙi karɓar sabon fayil. A raba folda guda da aka ware don haka, kada a raba faifan C gaba ɗaya.

(KIƊA)

Akwai matsalar da ta shafi tsohuwar kwamfuta da sabuwa. Ƙa'idar da Windows ke musayar fayil da ita sunanta SMB. Windows XP sigar farko kawai ta sani, wato SMB1. Ta ramin da ke cikin SMB1 ne cutar WannaCry ta bazu a watan Mayun 2017, ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kimanin 150, har da na asibitocin Ingila. Daga ƙarshen wannan shekara Microsoft ta fara janye SMB1 daga sababbin fitowar Windows 10. Ana iya kunna shi da hannu, amma sai Wi-Fi na kashe, kuma a cire shi bayan an kwashe fayilolin. Tsarin HomeGroup da masu Windows 7 suka saba da shi ma an cire shi daga Windows 10 a 2018, neman sa ɓata lokaci ne.

Bayan hanya ta buɗe, saura gudu. Mashiga mai megabit 100 tana kai megabayit 11 zuwa 12 a daƙiƙa, mai gigabit kuma tana kai kimanin 110. Bidiyo mai gigabayit 20 zai ɗauki wajen rabin sa'a a ta farko, minti uku zuwa huɗu a ta biyu. Gudun gigabit yana buƙatar dukan wayoyi 8, na megabit 100 kuwa 4 sun ishe shi. Don haka idan kwamfutoci biyu masu gigabit suka tsaya a 100, mai yiwuwa wata siririyar waya ta tsinke ko ba a matse kan da kyau ba. Tsohon faifai mai juyawa da tarin ƙananan hotuna su ma suna rage gudu.

Ɗaukewar wuta da barcin laftof su ne ke yawan katse aiki a tsakiya. A hana kwamfutocin yin barci, a ɗora ta tebur a kan inbata ko UPS. Ga manyan fayiloli, umarnin robocopy da ke cikin Windows, idan aka haɗa shi da alamar /Z, yana ci gaba daga inda ya tsaya. A riƙa kwafa maimakon ɗaukewa, kuma kada a goge na asali sai an gwada yawan fayiloli da nauyinsu a ɓangarorin biyu, an kuma buɗe wasu an gani.

Jerin gwajin ke nan: fitila ta tabbatar da waya, ipconfig ya tabbatar da adireshi, ping ya tabbatar katanga ta ba da hanya, buɗuwar folda ta tabbatar da izini. Idan an kammala, a janye rabon foldar, a kashe musaya a rukunin bainar jama'a, sannan a mayar da saitin IPv4 kan karɓar lamba da kansa, domin kwamfutar da aka bari da 192.168.10.1 ba za ta hau intanet ba ranar da aka jona ta da rauta ta waya.