Gidan da babu wurin ajiye mota: a saya ko a bari?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ƴan'uwa, akwai tambayar da take yawan zuwa mana daga magidanta a Yamai da Maraɗi da Damagaram, kuma kusan siffarta ɗaya ce. Mutum ya shekara goma ko fiye yana haya, ya yi ta tari har kuɗi suka kai na gida. Dillali ya kai shi wani gida a tsohuwar unguwa, kusa da masallaci da makarantar yara, ga ruwa ga wuta, kuɗin kuma daidai ƙarfinsa. Sai dai ƙofa ɗaya ce ga gidan, ta shigar mutum, babu inda mota za ta shiga, shi kuwa yana da mota ko yana sa ran saye. Ya saya ko ya bari?

Wani zai ce wannan tambayar dillalai ce da magina, me ya kawo ta wurin malamai? Game da cinikin kansa, gaskiyarsa: gida ne halal, kuɗi halal, an gani an yarda, babu abin da ya ɓata shi. Amma motar da ba ta kwana cikin gida ba, a kan hanya za ta kwana, yau da gobe har shekaru. Hanya kuwa ta jama'a ce, kuma malaman fiƙihu sun yi magana a kanta tun zamanin da abin hawa raƙumi ne da doki da jaki.

Son gida mai yalwa da abin hawa mai daɗi ba laifi ba ne. Ibnu Hibban ya ruwaito daga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas cewa Annabi (SAW) ya lissafa abu huɗu cikin jin daɗin mutum: mace ta gari, da gida mai yalwa, da maƙwabci na gari, da abin hawa mai sauƙi. Mai tambayarmu abu uku daga cikin huɗun nan ne suke jan sa, kowanne ta nasa gefe. In ya ɗauki ƙaramin gida ya bar motarsa a waje, abin da ya fi saurin taɓuwa shi ne zama da maƙwabci, shi kuwa shi ne wanda kuɗi ba su sayensa.

Abu na farko da ya kamata ya zauna a zuciyar mai saye shi ne, ƙofar gida ba ta cikin ciniki. Takardar fili iyakarta katanga. Filin da yake gaban katanga, wanda malamanmu na Malikiyya suke kira fina'i, suna cewa mai gida ya fi kowa cancantar amfani da shi: ya zauna, ya sauke kaya, ya ɗaure dabbarsa, matuƙar bai ƙuntata wa masu wucewa ba. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya yi hukunci da haka ga masu gidaje. Amma haƙƙin amfani ne, ba mallaka ba. Shi ya sa Shehu Khalil a cikin Mukhtasar ya tafi a kan a rushe ginin da aka yi a kan hanya ko da bai cutar da kowa ba. Wanda ya kafa ƙarafa da kwano a gaban gidansa, ya ja sarƙa ya sa kwaɗo ya ce garajinsa ne, ya duba wannan da kyau. Muna ganin irinsu a unguwanni da yawa, har da na mutanen da suke sahun farko a masallaci.

To yaya ake gane an ƙuntata? Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa idan mutane suka yi saɓani a kan hanya, a sanya faɗinta kamu bakwai. Kamu bakwai bai wuce mita uku da rabi ba, kuma malamai sun bayyana cewa hikimar ita ce dabba mai ɗauke da kaya ta shiga ta fita. Abin lura shi ne buƙatar masu wucewa ce ma'auni, buƙatar yau kuwa ta fi ta raƙumi. A ɗauki igiyar awo a je a gwada. Ƙaramar mota faɗinta ya kusa mita biyu idan aka haɗa da madubai da ɗan ratar da ake bari tsakaninta da bango. A lungun da faɗinsa mita huɗu ne, abin da ya rage mita biyu ke nan, in babu kwata a gefe. Babur zai wuce, kurar ɗan garuwa za ta wuce da ƙyar. Motar ƴan kwana-kwana, wadda faɗinta ya kai mita biyu da rabi, ba za ta wuce ba. Haka motar da take zuƙe masai, haka motar yashi. Motar asibiti ma sai an buga ƙofa an tashi mai mota daga barci, in yana gari. In kuwa ya yi tafiya da makullin a aljihu, mace mai naƙuda a ƙarshen lungu sai an ɗauko ta a hannu.

Wannan shi ne cutarwar da hadisin nan na hana cuta da ramuwa da cuta ya shafa, wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Kuma a hadisin Abu Sa'id al-Khudri, da sahabbai suka ce ba su da makawa sai sun zauna a bakin hanya, Annabi (SAW) bai kore su ba, sharaɗi ya sa musu: su ba hanya haƙƙinta, kuma cikin haƙƙoƙin da ya lissafa akwai kame cuta. Idan mutumin da zai iya miƙewa ya kauce an sa masa wannan sharaɗi, ina ga ƙarfen da aka kulle aka tafi aka bari.

Akwai wata magana ta Imamu Malik a Muwaɗɗa, a babin diyya, wadda kamar don wannan matsala aka yi ta. Ya yi bayani a kan wanda ya haƙa rijiya a kan hanyar Musulmi ko ya ɗaure dabba a kanta. Ya ce abin da mutum ya aikata a hanya wanda bai halatta ya aikata ba, shi ne da lamunin ɓarnar da ta biyo baya. Abin da kuwa ya halatta, kamar mutum ya sauka daga dabbarsa don wata buƙata ya tsayar da ita a hanya, babu biya a kansa. Ke nan akwai bambanci tsakanin tsayawa don buƙata da mayar da hanya turke. Wanda ya tsaya ya sauke buhun shinkafa ko ya ɗauki mahaifiyarsa zuwa asibiti yana cikin na biyu. Wanda ya mayar da ƙunƙuntaccen lungu marar fitila makwancin motarsa kullum, har wani yaro a kan babur ya zo cikin dare ya yi karo da ita, alƙali ne zai duba ko akwai lamuni a kansa, amma mu ba za mu ce masa ya kwanta da kwanciyar hankali ba.

Sannan hanyoyi ba ɗaya suke ba. Fiƙihu ya raba tsakanin hanyar da ta ɓulle da lungun da bai ɓulle ba. Mai ɓullewa ta kowa ce, kuma wanda ya riga zuwa wuri shi ya fi cancanta da shi, kamar yadda yake a sahun masallaci. Saboda haka idan baƙon maƙwabcinka ya tsaya kusa da ƙofarka bai toshe maka shiga ba, ba ka da hujjar fitowa kana faɗa. Lungun da bai ɓulle ba kuwa, Khalil ya ce kamar mallakar mazauna cikinsa ne gaba ɗaya, ba a ƙirƙiro wani abu a cikinsa sai da yardarsu. Mai sayen gida a irin wannan lungu, kamar waɗanda suka cika Birni da Zango a Damagaram, ya sani zancen motarsa yana hannun maƙwabtan da bai ma san sunayensu ba tukuna. Ya je ya gaishe su kafin ya biya kuɗi, ya faɗa musu yana da mota, ya ji abin da za su ce. Fuskokinsu ma kaɗai za su ba shi amsa.

Da yawa sukan ce ai abu ne mai sauƙi, in na saya sai in fasa zaure in yi garaji. A yi lissafi tukuna. Wurin mota yana cin kamar mita uku a faɗi, shida a tsawo, wato ya ɗara ɗakin kwana mai mita huɗu kowace fuska. A gidan da gado ya riga ya raba fili gida biyu ko uku, wannan ɗakin samari ne ya tafi, ko tsakar gidan da mata suke girki da shanya. Zauren kuma da ake gani kamar ba ya aikin komai, shi ne yake tsare idon baƙo daga cikin gida. A cire shi a sa babbar ƙofar ƙarfe, duk sanda aka buɗe ta don mota ta shiga, iyali suna fili. Ga kuma maƙwabcin da yake fuskantarka: Risala ta Ibnu Abi Zaid ta ambaci buɗe ƙofa daura da ƙofar maƙwabci cikin abubuwan da suke cutar da shi, Khalil kuma ya sauƙaƙa a hanya mai ɓullewa, a lungun da bai ɓulle ba sai an karkatar da ita. Wani magini ɗan Tunis na ƙarni na 8 na hijira, Ibnu Rami, ya rubuta littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gini, har da zancen turken dabbobi a jikin bangon maƙwabci. Iyayenmu malamai ba su ɗauki waɗannan abubuwa ƙanana ba. Kuma ko an sami wurin, sai a tambaya: motar za ta iya juyawa ta shiga daga wannan lungu? Akwai garaji da yawa da aka gina aka ƙare da ajiye gero a ciki.

Duk da wannan, kada a fahimci cewa muna hana sayen irin wannan gida. Sau da yawa shi ne zaɓin da ya fi. Mun ga wanda ya ƙi gida cikin gari saboda mota, ya je ya sayi fili mai faɗi a bayan gari inda ba a kai ruwa ba, makaranta da asibiti sun yi nisa, da damina hanya ta yanke, motar da aka yi wa hijira ita ce ta fara lalacewa. Mafi muni kuma shi ne wanda ya ci bashin banki mai ruwa don ya cike kuɗin gida mai garaji. Wannan ya guje wa abin da yake da mafita ya faɗa cikin riba, wadda haramcinta babu saɓani a kansa. Mota tana tsufa cikin ƴan shekaru a sayar da ita, gida kuwa har jikoki. Bai kamata abin da zai riga tafiya ya zaɓa wa iyali inda za su zauna ba.

Abin da muke gani shi ne, idan titin gaban gidan mai faɗi ne, mota tana tsayawa jikin bango wata babba ta wuce ba tare da ragewa ba, hukumar gari kuma ba ta hana tsayawa a wurin ba, to a saya, sai batun tsaro kawai ya rage. Idan lungu ne ƙunƙuntacce amma akwai wurin kwanan motoci mai gadi a kusa, ko wani kango da mai shi zai ba da haya, nan ma a saya, a sa kuɗin a cikin farashin gidan tun yanzu. Misali in jika 10 ne a wata, a shekara jika 120 ke nan, a shekara goma miliyan ɗaya da jika 200. Wannan hujja ce ta neman ragi wurin mai gida. Idan kuwa lungun ƙunƙuntacce ne, babu wurin ajiya kusa, motar kuma ita ce sana'ar mutum, kamar mai taksi ko mai ɗaukar kaya, to shawararmu ya haƙura ya ƙara nema, ko ya saya da niyyar rabuwa da motar. Sayen da ake yi da cewa "in na shiga za su saba" shi ne wanda muke tsoro, domin maƙwabci yakan yi shiru don kunya, shirun kunya kuwa ba yafewa ba ne.

Kada a je ganin gida da hantsi kaɗai, lokacin da kowa ya fita aiki unguwa ta yi fayau. A koma bayan sallar Isha'i a ga motoci nawa suke kwana a waje. A koma ranar Juma'a in akwai masallaci kusa, don mu kanmu masallata mun iya toshe hanya, abin da ya kamata limamai su riƙa tunatarwa. In da hali a gani bayan ruwan sama, domin akwai titin da yake zama kwari a watan Agusta. A tafi da uwargida a ji ta bakinta, ita ce za ta riƙa takowa da goyo da kayan cefane daga inda aka ajiye mota. Bayan an tattara wannan sai a yi istihara.

Mai sayarwa da dillali su ma akwai nasu. Rashin garaji abu ne da ido yake gani, mai saye ba zai dawo ya ce an ɓoye masa aibi ba. Amma dillalin da ya nuna titi ya ce "ai duk nan naka ne, Alhaji," ya yi talla da abin da ba na mai gida ba. In kuma an san ruwa yana kwanciya a ƙofar, ko akwai tsohuwar rigima da maƙwabta a kan wurin tsayawa, a faɗa. Hadisin Hakim ɗan Hizam a Bukhari da Muslim ya rataya albarkar ciniki a kan gaskiya da bayyanawa, ya rataya shafewarta a kan ɓoyewa da ƙarya.

Wanda kuma wani maƙwabci ya ce masa "kawo motarka kangona, ba komai," ya gode masa, amma kada ya gina sayen gida a kan wannan kalma. Mai kango zai iya sayarwa, zai iya fara gini, zai iya rasuwa magada su zo da nasu shiri. Ya roƙe shi a mayar da abin haya ko da da kuɗi kaɗan ne, a yanka wa'adi, a rubuta, a sa shaidu biyu, kowa ya riƙe takardarsa. Allah ne Mafi sani.