Zanen Bango da Al'adar Nutsar da Shamrok a Ƙasar Ailan

Daga cikin zane-zanen da akan rataya a mashayun Ailan akwai na ganyen shamrok mai kunne uku cikin kofin wiski. Zanen yana nuni ne ga al'adar ranar Waliyyi Patrick, wato 17 ga Maris. Mutum kan cire ganyen da ya maƙala a rigarsa, ya tsoma shi a kofin ƙarshe, ya shanye, sannan ya jefar da ganyen ta kafaɗar hagu. Ranar takan faɗo cikin azumin Kirista na kwana arba'in, amma akan sassauta. Sai dai zanen ya tsallake wani babi: daga 1927 zuwa farkon shekarun 1960, doka ta haramta buɗe mashaya a ƙasar a wannan rana.